Idon Kare Ma Ido Ne



Karen da ke tsare mana garke da rumbu, ya raka mafarauta daji, idonsa na fuskantar ƙayar bagaruwa, ƙarangiya da ƙurar hunturu. Ƙaya ɗaya in ta karce baƙin ido sai gyambo ya tashi, kuma cikin 'yan kwanaki yana iya zurfafa har ido ya fashe.

Ku lura da alamomi: kare na runtse ido, hawaye ko ruwan kwantsa na zuba, yana gudun haske, yana susa da dagi, wani farin hazo ya rufe ido.

Don Allah kada a sa kwalli, gishiri ko garin taba. Maganin ɗigawa na mutane mai kortizon ƙara cin gyambon yake yi. A wanke idon da tafasasshen ruwa da ya huce, a hana karen susa, a yi hattara da cizo, a nufi likitan dabbobi a ranar. Shi zai ɗiga wani rini da ke mai da miki kore, ya ba da maganin da ya dace.

Dabba amana ce a hannunmu, jama'a. Mu tausaya mata.