ABIN DA YA DACE YA JA JIRGINKU ZUWA BAKIN RUWA

Yau maganarmu ta shafi manoman bakin ruwa, irin na yankin Yawuri da tafkin Kainji da Tiga, waɗanda ke noma da damina, in an kawar da amfanin gona kuma su koma su. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, da ta Tiga a 1974, mutanen wuraren nan sun saba da ruwan da ba ya zama wuri ɗaya. Ya cika ya zo bakin gari, ya kuma ja da baya ya bar fili. Saboda haka wasu ƙungiyoyin manoma sukan haɗa kuɗi su sayi babban jirgi mai inji, su sa maƙeri ya ƙera musu tirela. Ba babbar tirelar kan titi na ke nufi ba, ƙaramar nan mai ƙafa biyu da ake ɗora jirgi a kai. To, me zai ja ta?

Yawancinmu tambaya ɗaya mu kan yi: "Zai iya ja?" Ai ja ba wuya. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ko ƙaramar mota sai ta motsa kaya mai nauyi. Abin tambaya shi ne, in an taka birki a gangara zai tsaya? In kuma an sauka bakin ruwa, zai iya haurowa da kayan?

Kafin ku yi ciniki da kowa, ku san nauyin kayanku. Mu yi lissafi. A ce jirgin kilo 900 ne, tirelar kanta 350, inji wajen 70. Jarka huɗu ta fetur, kowace lita 25, sun kai kilo 75. Jiƙaƙƙen taru da sauran komatsai, a ce 100. Sai ruwan da ya kwanta a cikin jirgin, wanda kowa ke mantawa da shi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, kuma lita 100 ba ta cika ido a gindin babban jirgi. In kun tara, kun kusa kilo 1,600, watau buhun masara goma sha shida. Ku tuna kuma katakon da ya sha ruwa ya fi busasshe nauyi, don haka ranar dawowa ta fi ranar tafiya wuya.

Mu fara da a-kori-kura, tunda ita ce mutane suka fi nema. Kowace mota tana da iyakar nauyin da masu ƙera ta suka yarda ta ja, an rubuta shi a littafinta. Lamba biyu za ku gani. Ɗaya ta tirela mai birkin kanta, ɗaya ta wadda ba ta da shi. Sababbin Toyota Hilux akwai waɗanda aka yarje musu har kilo 3,500 in tirelar tana da birki. In ba ta da shi, kilo 750 ne kawai, buhu bakwai da rabi ke nan. Ku dubi tirelar da maƙerin garinku ya ƙera, akwai birki a jikinta? Galibi babu. Ashe kayanmu na ɗazu sun ninka abin da aka yarje wa motar. Direba zai ce muku ya saba. Ya saba a kan tudu. Ranar da akuya ta gitta masa a gangara, kayan ne za su tura motar, ba shi zai tsai da su ba. Ni dai shawarata, ko dai a kashe kuɗi a sa wa tirelar birki, ko a bar wa motar ɗaukar inji da mai da taru, a nemi wani abin ya ja jirgin.

In motar za ku ɗauka, ku nemi mai ja da ƙafa huɗu, mai ƙaramar giya ta hawan tudu. Mai ja da ƙafar baya kaɗai, da ta taka laka sai tayoyin su yi ta juyawa wuri ɗaya, kuloci ya ƙone. Ku duƙa ku ga inda za a maƙala tirelar. Dole ƙarfen ya kasance ɗaure da ƙashin motar. Na taɓa ganin an ɗaura a jikin bamba, da aka zo hawa bambar ta ɓalle, jirgi da tirela suka koma ruwa da baya. Allah ya kiyaye ba kowa a bayansu.

Tarakta ta fi mota a wannan aiki in hanyar ta daji ce. Tana da nauyi, tayoyinta na kama ƙasa, ba ta kuma gudu. Amma akwai haɗari guda da ya kamata kowa ya sani. A maƙala kaya a ƙarfen ja na ƙasa, wanda aka yi don haka. In aka ɗaura sarƙa a sama, can kusa da kujerar direba, kayan kuma suka kafe a taɓo, gaban taraktar zai ɗaga ta kife da baya kan mai tuƙi, cikin ƙiftawar ido. Kuma birkinta feda biyu ne, na dama da na hagu. A kulle su wuri ɗaya kafin a hau hanya.

Shanun noma fa? Bijimai biyu masu ƙoshi sukan ja amalanke mai kaya kamar tan ɗaya a kan hanya mai kyau marar tudu. Ƙaramin kwale-kwale ba zai gagare su ba. Babban jirgi a gangara kuwa, kada ku gwada, domin nauyin zai faɗa wa wuyansu.

Ko me kuka zaɓa, yadda aka zaunar da jirgin a kan tirela yana da muhimmanci. Gaban tirelar ya ɗan rinjayi baya, kamar kashi biyar zuwa goma cikin ɗari na duk nauyin ya danna wurin maƙalawa. A lissafinmu, kilo 80 zuwa 160 ke nan. In yaro zai iya ɗaga gaban da hannu ɗaya, nauyin ya koma baya, tirelar za ta yi ta lilo a hanya. Sai a matsar da jirgin gaba. A ƙara sarƙa biyu tsakanin tirela da abin ja, ko da ƙugiya ta kuɓuce.

In kun iso bakin ruwa, ku dakata kaɗan boris ɗin ƙafafun tirela ya huce, don in ya shiga ruwa da zafi yakan zuƙi ruwa ya yi tsatsa. A riƙa cusa masa giris. Mutum ɗaya ya fara taka wurin da ƙafa ya ji ƙarfin ƙasar, wani kuma ya riƙe weji a gefe. Kada kowa ya tsaya a bayan tirela, kada kuma a bar yara cikin jirgi ana ja. Kafin a hauro, a kwashe ruwan cikin jirgin, a sauke taru da jarkoki a kai su tudu da hannu.