Ƙarfin Namu Ne, To Labarin Na Wa?

'Yan'uwa maza da mata na rassan Arlit da Akokan.

Yau maganata kan silima ce. Kada ku ce wasa ne, domin da hoto ake koya wa yaro raina kansa.

Akwai wani baƙar fata na Amurka, Paul Robeson, wanda ubansa ya gudo daga bauta. A 1917 da 1918 an sa shi cikin gwanayen ƙwallon Amurka na jami'o'i duka. Ga ƙarfi, ga murya, ga karatun shari'a. A 1935 Ingilishi suka sa shi cikin silimar Sanders of the River, ya fito a sarki mai yi wa joji biyayya a Nijeriya. Da aka gama haɗa hoton, sai ya tarar yabon mulkin mallaka ne, ya yi tir da shi. A 1937 ya fito cikin Jericho, yana jagorar ayarin gishiri na Abzinawa. A 1950 gwamnatin Amurka ta ƙwace fasfonsa saboda ra'ayinsa na siyasa, bai sake samunsa ba sai 1958.

Woody Strode kuwa, shi da Kenny Washington suka shiga Los Angeles Rams a 1946, bayan an yi shekara 12 ba a ɗaukar baƙi a babbar gasar. A 1960 ya fito a bawa mai faɗa cikin Spartacus.

Ku lura, jama'a. Jiki nasu, suna nasu, amma na'ura da kuɗi na wani ne. Mai na'ura shi ke yanke abin da duniya za ta gani.

Namu Oumarou Ganda ya gane haka. Jean Rouch ya ɗauke shi hoto a Abijan yana lebura, daga baya ya riƙe na'ura da kansa, har ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972. A 2016 Amina Weira, ɗiyar ma'aikacin ma'adini, ta yi silima kan ƙurar Arlit.

Tun 1971 ake fitar da uraniyom daga nan. An rufe COMINAK a 2021, tsofaffin ma'aikata suna ƙarewa. Saboda haka kowane reshe ya zaɓi samari biyu, su zauna da dattijo, su ɗauki muryarsa da salula, su rubuta sunansa da shekarar da ya shiga rami, su kawo wa sakatare kafin taro mai zuwa.

Allah ya ba talaka nasara. Wassalam.