Ƙugin Kunne Bayan Ƙarar Inji: Jawabi ga Masu Sana'a a Kasuwannin Kan Iyaka



Daga Jibiya har Maraɗi, daga Illela har Ƙonni, kukan iri ɗaya ne: mutum ya kashe injin niƙa da magariba, amma ƙarar ta bi shi gida. Wani yana jin ta kamar kukan gyare, wani kamar busar iska, alhali na kusa da shi ba ya jin komai. Wannan ba sammu ba ne, ba kuma taɓin hankali ba.

Can cikin kunne akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi-gashi da ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kassara su, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Idan saƙonsu ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara ƙaimi wajen saurare, kamar mai ƙure muryar rediyo don tasha ta yi nisa. Daga nan ƙugin ke fitowa. Shi ya sa ma wasu, ko kwano ne ya faɗi, sai su ji shi har tsakiyar ka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kunnen babban mutum zai iya jure ƙara mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako. Da zarar ta ƙaru da desibel 3, lokacin ya ragu da rabi. Ba sai da na'urar awo ba: idan sai kun ɗaga murya kafin wanda hannunku ke iya taɓawa ya ji ku, ƙarar ta wuce kima. A nan ne za ku sa abin toshe kunne na soso ko na roba, domin auduga ba ta tare abin kirki. Ku nisanta janareta daga rumfa, ku riƙa fita kunne ya huta. Iyaye mata, don Allah kada a tsaya gaban inji ko lasifikar biki da goyo a baya.

Ga inda da yawa ke kuskure. Wanda ƙara ta fara damunsa yakan toshe kunne dare da rana, ya ƙaurace wa jama'a. Hakan yana ƙara wa kunne tsoron sauti, kuma a cikin shiru ne ƙugin ya fi fitowa fili. A toshe a wurin aiki, a buɗe a gida. Da dare, a bar fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa. Sannu a hankali ƙwaƙwalwar yawancin mutane takan saba, har ƙugin ya daina hana su barci.

Kada a ɗiga man ja ko ruwan ganye a kunne, kada a sa tsinke ko gashin kaza. Wasu magunguna, irin su kwinin da asfirin mai yawa da allurar jentamaisin, suna tayar da ƙugi. A gaya wa likita, kada a yanke magani da ka.

Amma idan ji ya ɗauke farat ɗaya, ko ƙugin yana bugawa tare da bugun zuciya, ko ya zo da jiri mai tsanani, a tafi a ranar, asibitin da ya fi kusa, ko a wane ɓangaren iyaka yake. Kada a jira sai ranar kasuwa.