Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa da Rayuwar Fadamun Kudancin Kano



Duk wanda ya karya a Kwanar Dangora da bazara, ya nufi Tudun Wada da Doguwa, zai ga ciyawa ta bushe ƙurmus, amma kanya da ɗinya da giginyar bakin rafi suna nan kore shar, alhali an yi wata biyar ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Dalili kuwa shi ne, saiwoyinsu na shan ruwan da damina ta ajiye a ƙarƙashin ƙasa.

Ƙasar Bebeji da Kiru har zuwa duwatsun Riruwai tana zaune ne bisa tsohon dutse mai tauri, wanda ruwa ba ya samun maɓoya a cikinsa sai a ruɓaɓɓen samansa, da tsagoginsa, da yashin fadama. Wato ma'ajiyar ƙarama ce, kowace damina sai ta cika ta. Daga gare ta ne kududdufan Dajin Falgore ke tsatsafowa da rani, har namun daji da tsuntsaye da shanun makiyaya su sami abin sha.

Masana suna bin hanyoyi huɗu wajen nazarin wannan al'amari. Suna auna zurfin ruwan rijiyoyi wata bayan wata. Suna tura lantarki cikin ƙasa don gane inda damshi yake. Suna duba hotunan tauraron ɗan'adam, su ware wuraren da ba sa rabuwa da ɗanyen ganye da rani. Sannan suna gwada ruwan jikin itace da na rijiya a ɗakin bincike, don tabbatar da inda itacen ke sha.

Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta bunƙasa noman rani a Kadawa, amma ta rage ambaliyar da ke shayar da dausayin Haɗeja da Nguru, ruwan ƙasa ya ja baya a can. Haka kuma tun shekarun 1980 injinan ban-ruwa suke ƙaruwa a fadamu. In ɗiban ya fi abin da damina ke mayarwa, ruwan zai sauka inda saiwa ba ta kaiwa, itatuwa su mutu a tsaye, rijiyar mai lambu ta bi bayansu.

Saboda haka ya wajaba hukuma da jami'o'i su ware rijiyoyin awo a kowace fadama, a riƙa rubuta zurfinsu, kafin a ƙara haƙa wasu. Allah ya ba da ikon kiyayewa.