Jawabin Ƙaddamar da Injin Wanke Kafet Mai Feshi da Kansa a Bikin Yaye Ɗalibai



Injin da aka girka a gaban wannan taro, asalinsa na goge daɓe ne mai faifai ɗaya, irin wanda ake gani a otal-otal, asibitoci da manyan masallatai. Moton lantarki ne a kan faifai mai faɗin inci 17, wato kimanin santimita 43, yana juya shi sau 175 a minti. A ƙarƙashin faifan ake maƙala buroshi ko kewayayyen ƙyalle mai kauri, ya riƙa murza kafet yana ɗebe datti. Yawancin waɗannan injina ba su zuwa da hanyar zuba ruwan wanki. Ma'aikaci kan ɗauki jarkar feshi ya jiƙa wuri, ya ajiye, ya kama inji, ya sake komawa kan jarka. Aiki ya zama biyu, kuma jiƙon ba ya daidaita: wani gefen ya sha ruwa har ƙasa, wani ya bushe tun kafin inji ya iso. Aikin da waɗannan ɗalibai suka kammala shi ne haɗa wa injin tanki, tiyo, famfo da bakin feshi, domin ruwan ya sauka inda ake so, a lokacin da ake so, gwargwadon da ake so.

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce ta gangarowar ruwa. Ana ɗaure tankin roba mai cin kusan lita 15 a jikin sandar riƙon injin, da bawul a gindinsa wanda ake buɗewa da ɗan marikin da ke kusa da yatsu, sai tiyo ya kai ruwan tsakiyar buroshi mai ramuka. Ba ta buƙatar wuta, ba ta da tsada, kuma abin da zai lalace a cikinta kaɗan ne. Aibinta shi ne zubar ruwan tana raguwa yayin da tanki ke yin ƙasa, don haka farkon ɗaki ya fi ƙarshensa jiƙa. Ga kuma nauyi: lita 15 na ruwa kilo 15 ne a kan sanda, wanda hannu da kafaɗa za su ɗauka. Ga mai wanki da buroshi wannan hanya ta wadatar. Ga mai aiki da ƙyalle kuwa ba ta isa ba, domin ƙyallen yana shanye ruwan a tsakiya ya hana shi bazuwa.

Hanya ta biyu, wadda aka bi a wannan inji, ita ce ta famfo. Ƙaramin famfo ne mai aiki da batir na bolt 12, wanda faifan roba ke bugawa a cikinsa yana tura ruwa. Kamfanonin Shurflo da Flojet sun yi suna a kansa, amma irinsa ne ke cikin jarkar feshi ta goyo mai caji da manoma ke amfani da ita, saboda haka samunsa a kasuwa ba wuya. Jerin kayan yana da tsari da ba a saɓa masa: tanki, sai matata, sai famfo, sai bawul mai hana ruwa ɗiga, sai bakin feshi da aka kafa a gaban faifai yana kallon ƙasa. Makunni kuma a sanda, inda babban yatsa zai kai ba tare da an saki inji ba.

A bakin feshi ne gwaninta take. Lambar da ke jikinsa ita ke faɗin aikinsa. A tsarin kamfanin TeeJet, lamba 8001 na nufin feshin yana buɗewa digiri 80, yana fitar da kashi ɗaya cikin goma na galan ɗin Amurka a minti, wato kimanin lita 0.38, idan matsin ruwa ya kai psi 40. Baki biyu irin wannan za su ƙarar da lita 15 cikin minti 20 idan ba a ɗaga yatsa daga makunni ba. Akwai ƙa'idar da sabon shiga kan yi tuntuɓe da ita: ninka matsi ba ya ninka ruwa. Kafin ruwan ya ninku sai an ƙara matsin har ninki huɗu, kuma a lokacin feshin ya koma hazo, ya tashi sama ya shiga hancin ma'aikaci maimakon ya sauka a kafet. Wanda ke son ƙarin ruwa, baki mai babban rami zai sa, ya bar famfo yadda yake.

Ramin bakin feshi ƙarami ne ƙwarai, kuma ruwan rijiyar burtsatse yakan zo da yashi. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karkatar da feshi ta bar layi a kafet. Wannan ne amfanin matata mai lamba 100 ga ƙananan bakuna. Idan baki ya toshe, a jiƙa shi a goge da buroshin haƙori. Allura ko waya faɗaɗa ramin take yi, kuma ba ya komawa.

Dalilin duk wannan awo shi ne ruwa ya fi datti saurin kashe kafet. Idan ya ratsa gashi ya kai bayan kafet, wanda sau da yawa da zaren algarara ake saƙa shi, zaren yana tsukewa, kuma yana tura launin ruwan ƙasa sama yayin bushewa. Danshin da ya kwana ɗaya zuwa biyu yana iya tsirar da fumfuna, abin da ya fi yawa da damina. Da hunturu kuwa ƙura ce matsala. Mafi yawan dattin kafet busasshe ne, don haka sai an fara zuƙe shi da injin tsotsar ƙura kafin ɗigo ɗaya ya sauka, in ba haka ba taɓo za a kwaɓa.

Abin da ake zubawa a tanki ma yana da iyaka. Garin omo na wankin kaya bai dace ba: yana toshe matata, yana kumfa, kuma yana barin danƙo mai jawo sabon datti. Abin da ya dace da wannan inji shi ne ruwan wanki mai lulluɓe datti, wanda idan ya bushe yake zama gari a zuƙe shi daga baya. Kafet na ulu yana son ruwan da ke tsakanin 5 da 8 a ma'aunin tsami da kanwa da ake kira pH, na nailan kuma kada a wuce 10. Ruwan bilic yana narkar da ulu, yana kuma cin robobin cikin famfo. Bayan kowane aiki a cika tanki da ruwa zalla a fesar. Masu aikin masallatai su lura cewa wannan wanki na gusar da datti ne. Wurin da najasa ta taɓa, malaman Malikiyya sun sharɗanta a wanke shi da ruwa mai tsarki wanda bai jirkita da wani abu ba.

Saura batun wuta. Lantarkin Nijeriya da Nijar bolt 220 zuwa 230 ne, mai kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, na Amurka kuwa bolt 120 ne, sau 60. Injin gwanjo daga can yana buƙatar taransifoma, kuma ko da ita juyin 175 yakan sauko kusan 146. Shi ya sa aka ware wa famfon batirinsa da fiyus ɗinsa, ba a haɗa shi da wayar moto ba. Ba a huda murfin moto don ɗaura komai, kuma tiyo ba ya bi ta saman ramukan da moto ke shan iska. Wayar ƙasa dole ce, haka ma na'urar da ke yanke wuta da zarar yoyonta ya kai miliamfiya 30, ko da janareta ake aiki.

Kafin a kai inji gidan kowa, a gwada shi da ruwa zalla a kan busasshen siminti a ga siffar feshin, a auna abin da kowane baki ke fitarwa cikin minti ɗaya, sannan a gwada ruwan wankin a lungun kafet da ba a gani ko zai zubar da launi.

Ana taya ɗaliban murna. Kira ga masu otal, ɗakunan taro da kwamitocin masallatai shi ne su ba waɗannan matasa aiki, su kuma ba kafet lokacin bushewa kafin a taka shi. Da sunan Allah aka ƙaddamar da wannan inji. Allah ya sa albarka a sana'ar, ya mai da kowa gidansa lafiya.