Kiwon Tarwaɗa A Gida: A Gyara Ruwa Kafin A Nemi Magani

(Jawabin da 'yan kwamitin sana'o'i suka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, nan Jikwoyi)

 

An ce mu yi magana a kan kiwon tarwaɗa, domin yanzu daga nan har Kurudu da Orozo da wuya ka ratsa layi ba ka ga tankin roba ko kwatamin siminti a bayan wani gida ba. Wasu ma a akwatin gilashi suke ajiye 'yan ƙwaya biyar a falo don sha'awa. Abin da ya kawo mu gabanku shi ne, cikin 'yan ƙungiyar nan akwai waɗanda suka zuba kuɗin adashi da na makarantar yara a wannan harka, suka wayi gari kifi na yawo ciki a sama. Mu ma ta faru da mu. Karon farko mun zuba 'ya'yan kifi 500 a tanki mai cin lita 1,000. Kafin wata biyu abin da ya rage bai kai 100 ba. Muka ɗora wa wanda ya sayar mana laifi, muka ce irin banza ya ba mu. Daga baya muka gane laifin yana cikin ruwanmu.

Da farko mu san wace ce tarwaɗa. Masana suna kiranta Clarias gariepinus, kuma a duniya babu ƙasar da ta kai Nijeriya kiwonta. Tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iska da ita kai tsaye, shi ya sa za ka gan ta da rai cikin taɓo bayan tafki ya ƙafe. To wannan taurin rai nata shi ke yaudarar mu. Sai mutum ya ɗauka tunda ba ta mutu ba, lafiyarta lau. Alhali tana iya yin kwanaki tana wahala cikin gurɓataccen ruwa, ba ta ci, ba ta girma, sai rana guda a kwashe gawa da bokiti. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Me ke ɓata ruwan? Kashin kifi da ragowar abincin da ya nutse ƙasa. Su ne ke ruɓewa su zama gubar da ake kira amoniya. Alamunta a fili suke: ruwa ya yi wari ko kumfa, kifi ya daina rububin abinci, ko ka gan shi tsaye a miƙe, kai sama wutsiya ƙasa. Da zarar kun ga haka, a dakatar da abinci, a rage ruwan kamar rabi, a zuba sabo. Kada a yi gaggawar zuwa kemis.

Shi ma sabon ruwan a san inda ya fito. Yawancinmu a nan da rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa muka dogara. Ruwan burtsatse a bar shi ya kwana a buɗe ya sha iska. Wanda kuma yake samun na famfo, irin wanda ake tacewa a madatsar Usuma, ya sani akwai sinadarin kilorin a ciki, yana kashe ƙananan kifi, sai ya yi kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen mazubi kafin a yi amfani da shi. Sabon kwatamin siminti kuwa a jiƙa shi mako biyu ana sauya ruwa, don ƙarfin simintin ya fita.

Sai yawa. Abin da muka gani da idonmu, tanki mai lita 1,000 kada ya wuce kifi 70 zuwa 100 in ana son su girma su doshi kilo ɗaya cikin wata biyar zuwa shida. Kuma tarwaɗa na cin 'yar'uwarta. Duk mako biyu a tantance su, manya gefe guda, ƙanana gefe guda. In ba haka ba, za ka zuba 300 ka kwashe 80, ka yi ta zargin yaran maƙwabta. A kuma rufe saman tanki da raga, don tana tsalle, tana kuma jan ciki da dare. Mai akwatin gilashi ma haka, ya ƙara mata da guntun bututu ta ɓuya, don ba ta son haske da yawa.

Batun abinci, kun san yadda buhu ya yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuma shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. A ba su abin da za su cinye cikin minti 10 zuwa 15, safe da yamma. Abin da ya wuce haka asara biyu ce, kuɗi sun tafi, ruwa ya lalace. Tarwaɗa ta fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. Cikin hunturu, Disamba da Janairu, cinta yana raguwa, sai a rage abinci, a jira rana ta ɗaga kafin a ba su na safe.

In cuta ta shigo, kamar gyambo a jiki ko gashin baki ya yi fari yana cinyewa, a ware marasa lafiya, a sauya ruwa, a sa gishiri kamar giram 2 zuwa 3 a kowace lita. Akwai kuma cutar da ke sa ƙoƙon kai ya tsage, wadda ake dangantawa da ƙarancin bitamin C a abinci. Abin da muke roƙo, a daina barbaɗa kafso na mutane a cikin tanki. Wannan kifin fa 'ya'yanmu za su ci. A nemi likitan dabbobi, in ya rubuta magani a bi adadin kwanakin da ya ce a jira kafin a sayar.

Yanzu ga matasanmu masu ɗokin ƙyanƙyasa. A daji tarwaɗa na zuba ƙwai ne da damina, lokacin da ruwa ya malale cikin ciyawa. A tanki ba ta yi da kanta. Sai an sami mace mai shekara guda ko fiye, cikinta ya cika ya yi laushi, a yi mata allura irin su Ovaprim, rabin mililita ga kowane kilo. Bayan kamar awa 10 zuwa 12 a matse ƙwan cikin busasshen kwano. Namijin kuwa ba ya matsuwa, dole a yanka shi a ciro maniyyinsa a gauraya. Cikin kwana ɗaya ko ɗan fiye ƙwai ya fashe, sai rana ta uku ko ta huɗu a fara ba su abinci. Mace ɗaya na ba da dubban ƙwai, amma awa kaɗan na gurɓataccen ruwa ya isa ya shafe su duka. Kada kuma a haɗa 'yan uwa ɗaya. Shawararmu, wanda bai yi kiwo zagaye biyu lafiya ba, ya dakata da ƙyanƙyasa. Mai son ilimin sosai, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa, jihar Neja, kusa da Kainji.

Magana ta ƙarshe, ruwan da muke zubarwa. Da yawanmu haya muke zaune, cikin Gbagyi masu gari da sauran ƙabilu. Ruwan kifi na da wari. Kada a sake shi kan hanya ko ƙofar maƙwabci. A tona rami, ko a juya shi ga ayaba da alayyafo, taki ne mai kyau. A kuma sanar da mai gida kafin a kafa tanki. Ribar kifi ba ta kai zaman lafiyar da iyayenmu suka gina a garin nan ba.

Kafin ka zuba iri, ka san mai saye, ko masu farfesu na unguwa, ko dillalan kasuwar kifi ta Kado, ko kuma ka yi banda. Ka fara da 50, ka riƙe littafi kana rubuta abin da ya shiga da abin da ya mutu. Mai tambaya ya same mu bayan an tashi, za mu je mu duba masa tankinsa kyauta.