Jan Zoɓo da Gwajin Kwalba



Duk wadda ta taɓa fere doya ta bar ta a sarari ta ga yadda take rinewa, sai fa in an matsa mata lemon tsami. Aikin iskar oksijin ne, ita ce kuma ke sa ƙarfe tsatsa. Irin wannan ɓarna na aukuwa a jikinmu, kuma sinadaran da ke tare ta su ake kira antioksidan, wato masu hana tsatsa. Tsirrai na haɗa su ne don kare kansu daga zafin rana da ƙwari, mu kuwa albarkacinsu muke ci.

Mu ɗauki zoɓo. Jan nan nasa daga sinadarin antosiyanin yake, kuma iyayenmu mata sun riga mu sanin halinsa: a jefa masa kanwa, nan take jan ya dushe ya yi duhu. A ɗakin gwaji kuwa, tun 1958 ake amfani da wani sinadari mai launin shunayya, DPPH. Sai a jiƙa ganye ko saiwa, a tace, a ɗiga a kai. Idan ya koma ruwan ɗorawa, an samu antioksidan. Zoɓo na cin wannan jarrabawa. Zogale ma haka, da garin kuka, kai kusan kowane ganye. Shi ya sa kundin digiri ya cika da ita: ga arha, ga sauri, ba ta kuma ba ɗalibi kunya.

To amma kwalba ba ta da hanji, ba ta da hanta. Abin da ke isa jini daga antosiyanin ɗin da muka sha ɗan kaɗan ne, saura jiki ya sarrafa ya fitar. Akwai ma abin da ya fi wannan. A Finlan an gwada ƙwayoyin bita-karotin, sinadarin da ke cikin karas da manja, a kan maza mashaya taba kimanin 29,000. Da sakamako ya fito a 1994, kansar huhu ƙaruwa ta yi da kashi 18 cikin ɗari a cikin waɗanda suka sha. Maganin da ake fata, shi ya koma cuta.

Kada a ce na kushe zoɓo. A 2010 masana a Jami'ar Tufts ta Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 65: kofi uku na zoɓo kullum, mako shida, hawan jini ya sauka da kusan maki 7. Saukar ba ta da yawa, amma a jikin mutum aka auna ta. Irin wannan nake so in ga ɗalibanmu sun yi, da zoɓon gonakin Jigawa da Maraɗi, a kuma auna har da sukarin da muke tulawa a ciki.